Darasin Kasuwanci: Tsara Manhajar Waya Don Injinan Wanki na Haya

A shekarar 1949 ne aka buɗe shagon farko a Ingila inda mutum ke biyan kuɗi ya wanke tufafinsa da injin haya, a titin Queensway na birnin Landan. A yau, shaguna da dama irin wannan suna karɓar kuɗi ta manhajar waya. Ɗan kasuwar da ke niyyar kafa sana'ar a Suleja ko Gawu Babangida, hedkwatar ƙaramar hukumar Gurara ta Jihar Neja, ya kamata ya san cewa amanar abokin ciniki ta rataya ne a kan tsarin manhajar.

Da farko, shafin farko ya nuna abubuwa uku: injin da ba kowa a kansa, farashi a naira, da mintunan da suka rage wa injin da ke aiki. Kada a cire kuɗi kafin mutum ya ga farashin.

Na biyu, a yi tanadin ɗaukewar wutar lantarki. Idan inji ya tsaya wanki bai ƙare ba, manhajar ta riƙe lissafin lokacin da ya rage, ko kuma ta mayar da kuɗin nan take.

Na uku, a rubuta umarni da Hausa, da manyan haruffa da hotuna, a kuma tanadi lambar USSD domin masu ƙananan wayoyi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a da yawa ga biya ta waya, amma wanda aka ci kuɗinsa kayansa na jiƙe, gobe wajen mai wanki da guga zai koma.