'Yan Fashin Teku da Cinikin Tekun Indiya: Dabarar Koyar da Tarihi ga Ɗaliban Ƙaramar Sakandare

1.0 Gabatarwa

Labarin 'yan fashin teku yana saurin kama hankalin yara, amma sau da yawa ɗalibi yakan fita aji da hoton takobi da akwatin zinariya, ba tare da ya san abin da ya kai jiragen cikin teku ba. Wannan maƙala tana ganin cewa ɗan fashi ƙofa ce kawai, ciniki kuwa shi ne ɗakin da ake son yaro ya shiga.

2.0 Farawa da Wuri

Malami ya shigo aji da wuri, ya bar yara su taɓa shi, sannan ya tambaye su asalin kalmar "kuɗi" da ma'anar "wuri na gugar wuri". Daga nan ya bayyana musu cewa mafi yawan wurin da aka daɗe ana ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ya fito. Ibn Baɗɗuɗa ya ga ana tara shi a tsibiran a ƙarni na 14, ya kuma tarar ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gawo. Barth ma ya same shi a matsayin kuɗi a Kano a 1851. Ta haka yaron da bai taɓa ganin teku ba zai gane cewa tarihin nan ya shafe shi.

3.0 Iska da Hanyoyi

Mataki na biyu shi ne taswira. Jiragen wancan zamani iska ce ke tura su. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris takan kaɗo daga arewa maso gabas, sai jirage su taso daga Indiya da ƙasar Larabawa zuwa Mombasa da Kilwa. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba takan juya, sai su koma. Suna ɗauke da tufafin auduga, masoro, kanumfari, tangaran, hauren giwa da zinariya, har da bayi. A nemi yara su nuna wuraren da teku ya tsuke, kamar Babul Mandab da mashigin Malaka, su faɗi inda ɗan fashi zai yi kwanto. Da kansu za su gano cewa fashi yana bin sawun dukiya ne.

4.0 Wane ne Ɗan Fashi?

A 1695 wani Bature ɗan Ingila, Henry Every, ya kama Ganj-i-Sawai, jirgin Sarkin Mughal Aurangzeb, yana komawa Surat da alhazai da dukiya mai yawa. An azabtar da fasinjoji, aka ci zarafin mata. Sarkin ya sa aka tsare ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, Every kuwa ba a taɓa kama shi ba.

A ajiye wannan kusa da wasu misalai biyu. A 1502 Vasco da Gama ya ƙone wani jirgin alhazai a gaɓar Indiya, amma a Fotugal gwarzo ne. Shi kuwa Kanhoji Angre, shugaban mayaƙan ruwan Maratha da ya rasu a 1729, Turawa sun kira shi ɗan fashi saboda yana kama jiragen da ba su karɓi takardar izininsa ba, alhali Fotugis sun riga shi yin haka. A raba aji gida uku: fatake, masu mulki da matuƙa, kowane rukuni ya yanke hukunci a kan mutanen uku, ya kawo hujja.

5.0 Kammalawa

Hatsarin darasin shi ne a mayar da mai kisa jarumi, a manta da waɗanda aka zalunta. Saboda haka a auna fahimtar ɗalibai da tambayoyi uku: me jirgin ya ɗauko, wa ya yi asara, kuma wa ya rubuta labarin? Ɗalibin da ya iya amsa su ya fara koyon aikin masanin tarihi, wato tuhumar madogara kafin yarda da ita.