Taɓin hankali yana da magani

Taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo.

A da, kulle masu shi ake yi kamar ƴan kaso. A shekarar 1954, Dokta Lambo na asibitin gwamnati na Aro, a Nijeriya, ya sake hanya. Ya saukar da majinyata a ƙauyukan kusa da asibitin, kowa da ɗan'uwa mai jinyarsa. Da safe su karɓi magani, da marece su koma masauki. Da yawa sun samu sauƙi.

Mu ma a Bilma, kada mu sa wa majinyaci mari. Mu raka shi likita. Babban asibitin Yamai yana da sashen wannan ciwo.

Tambaya: Wa ke jinyar majinyaci a ƙauyukan Aro?