Kada a sare ɗan gawo

Manomin Kanan-Bakashe ba a koya masa gawo. Kun san da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, kun kuma ga yadda hatsi ke cika zangarniya a ƙarƙashinsa. Sai dai ku ƙirga masu rai da ke dogare da shi. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, zuma na shan furensa bayan kaka, awaki na cin 'ya'yansa su bar taki a inuwarsa, ƙwayar kuma ta tsiro daga kashinsu. Masana na ɗaukar irin wannan icce kamar ginshiƙin ɗaki: ya faɗi, rufi ya biyo shi.

To, kada a sare ɗan gawo lokacin sassabe.

Ga misali: wata rana da yamma Sani ya shigo gida da gatari a kafaɗa da ƙunshin ƙirare a ka, yana fara'a.

"Inna, ga makamashi. Na share gonar tas, ko ƙaya ban bari ba."

Inna ta kwance igiyar, ta ɗaga wani reshe, ta ga farin ɓawo.

"Innalillahi! Gawo ne! Malam, zo ka ga aikin ɗanka."

"Ai ƙanana ne, Inna, ko gwiwata ba su kai ba."

"Kai da girmanka aka haife ka? Wannan ko ruwan koko ba zai tafasa ba. In rani ya tsananta, gatarin za ka ba akuyata ta ci?"

Malam ya karɓi gatarin, ya ce, "Gobe da sassafe mu koma tare. Kututturen zai sake toho."

Gaskiyar Malam. A kowane kututture a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a datse rassan ƙasa. Shi ne sassaben zamani, wanda wani mai suna Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara yaɗawa wajen 1984. An ƙiyasta ya farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, ba a dasa ba, ba a yi ban ruwa ba.

Amma har yau akwai maƙwabcin da zai tara kara a gindin ɗan gawo ya cinna wuta, wai gona ta yi kyan gani. Sai iskar farkon damina ta binne masa shuka da rairayi, ya zo rancen iri. Ku faɗa masa gaban ido: ɗan gawo ba a sare shi, ba a ƙona shi.