DARASIN MOTSA JIKI: KOWA DA GURBINSA A ƘWALLON RAGA



Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙwallon raga ne, wasan da wani Ba'amurke, William Morgan, ya ƙirƙiro a shekarar 1895. Galibin yara in sun shiga fili, kowa so yake ya zama shi ne mai tsalle ya maka ƙwallo a yi masa tafi. To, ku sani, ƙungiyar da kowa ya zama mai bugu ita ake fara cinyewa.

Tsarin fili

Tsawon filin mita 18 ne, faɗinsa mita 9, raga ta raba shi biyu. Kowane ɓangare mutum 6 ne, uku a gaba, uku a baya. Sau uku kawai aka yarda ƙungiya ta taɓa ƙwallo kafin ta tsallakar da ita, kuma mutum ɗaya ba ya bugawa sau biyu a jere. Ka ga ke nan dokar da kanta ta tilasta maka neman ɗan'uwanka.

Ayyukan 'yan wasa

1. Mai karɓa. Shi ke tarbar sabis da damatsan hannu biyu a haɗe. In taɓawar farko ta ɓaci, ta biyu da ta uku sun ɓaci. A shekarar 1998 aka shigo da gwani na musamman don wannan aiki, ana ce masa libero. Rigarsa dabam ce, a baya yake wasa, ba ya tare raga, kuma ba ya maka ƙwallon da ta ɗara raga tsawo.

2. Mai ɗagawa, wato seta. Taɓawa ta biyu tasa ce. Da yatsu yake ɗaga ƙwallo, shi ke zaɓen wanda zai buga. Aikinsa na bukatar natsuwa da kaifin ido fiye da ƙarfi.

3. Mai bugun hagu. Yawancin ƙwallaye gare shi ake ɗaga wa, musamman in wasa ya rikice. Kuma yana taimakawa wajen karɓar sabis.

4. Mai tsakiya. Galibi dogo ne. Shi ne katangar raga, yana bin mai bugun abokan karawa dama da hagu. Tarewar da ya yi ba a ƙirga ta cikin taɓawa uku.

5. Mai bugun dama. Yana kai hari daga dama, yana kuma tare mai bugun hagu na ɗaya ɓangaren.

Juyawa

Duk sanda kuka karɓe sabis daga abokan karawa, sai ku juya gurbi ɗaya kamar tafiyar hannun agogo: na gaba dama ya koma baya dama ya yi sabis. Ashe ke nan dogon da ke gaba yanzu, an jima yana baya. In kuwa yana baya, ba zai tare raga ba, kuma ba zai maka ƙwallo daga sama ba sai ya yi tsallensa daga bayan layin mita 3. Don haka, yaro, kada ka ce kai bugu kaɗai ka iya. Koyi karɓa tukuna.

Nasiha

Sau da yawa ƙwallo tsakanin mutum biyu take faɗuwa, kowa na jiran ɗan'uwansa. Maganinta magana: ka ɗaga murya ka ce "Tawa ce!" In ɗan'uwanka ya kuskure, ƙarfafa shi, ban da zagi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

(a) Me ya sa tarewa ba ta rage wa ƙungiya damarta?
(b) Kawo abu biyu da aka hana libero.
(c) Wa ke yin sabis bayan an juya?

A kawo amsa a rubuce ranar Asabar. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.