Naira Ta Ƙaru a Hannu, Cefane Ya Ragu: Darasi Kan Kuɗin da Muke Aikawa Gida

'Yan uwa, darasin wannan mako ya shafi abin da kusan kowannenmu ke yi a ƙarshen wata, wato aika kuɗi gida. Aikin injiniya ya koya mini cewa kafin a yi gardama kan tsawon abu, sai an fara yarda da abin awo. Naira kuwa a 'yan shekarun nan ta zama abin awo mai miƙewa kamar roba, shi ya sa mai aikawa da mai karɓa kan yi saɓani alhali kowannensu gaskiya yake faɗi.

Bari mu tuna yadda aka faro. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sannan a tsakiyar watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji, ya bar kasuwa ta yi halinta. Kafin nan dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya dubi waɗannan lambobi biyu zai ce kuɗin ɗan ƙasar waje ya ninka sau uku, kuma haka da yawa daga cikin dangi suka fahimta. Amma farashin 460 ba shi ne talaka ke gani ba. A wurin 'yan canji, irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, dala tana wajen 750 tun kafin a sake ta. Ke nan ga mafi yawanmu ninki biyu aka samu, ba uku ba.

To me wannan ninki biyu ya tarar a kasuwa? Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar, kuma hauhawar farashi gaba ɗaya ta kai kashi 34.8 a Disamba. Mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga zuwa naira 70,000 a Yulin 2024 bai kai dala hamsin ba a canjin lokacin. Idan mahaifiya ta ce abin da aka turo bai isa ba, ba rashin godiya ba ne. Idan ɗa ya ce ai na ninka adadin, shi ma bai yi ƙarya ba. Ita da mudu take awo, shi kuma da saƙon banki.

Akwai wurin da nake so mu daɗe a kansa, domin a nan ne ko masu ilimin boko ke tuntuɓe. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta tsarin lissafinta, adadin hauhawar ya sauko wajen kashi 24, kuma ya ci gaba da sauka. Sai wasu suka ɗauka kaya sun yi araha. Hauhawar farashi gudun mota ne, farashi kuwa nisan da aka riga aka ci. Direban da ya rage gudu daga 120 zuwa 60 bai juya baya ba, gaba yake yi har yanzu. Gaskiya ne wasu kayan hatsi sun sauko bayan kaka, amma kuɗin haya da na makaranta da na magani ba su san hanyar dawowa ba.

Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne iska ta juya. A 2023 da 2024 faɗuwar naira ce ke rufa mana asiri: kaya na tashi, canji ma na tashi, sai fam ɗari ya riƙa bin sawun kasuwa ba tare da mun ƙara kwabo ba. A 2025 naira ta tsaya a kusa da 1,500, har ta ɗan farfaɗo, alhali farashi bai daina hawa ba. Wanda ke aika adadin fam ko dala iri ɗaya kowane wata, to a hankali rage wa iyalinsa cefane yake yi bai sani ba. 'Yan uwanmu na zangunan Gana sun ga haka ƙarara, domin sidi ya tashi daga sama da 15 a kan dala zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni a tsakiyar 2025, saƙon da ake jira daga waje ya zube da kusan sulusi. Mutanen Nijar kuwa nasu lissafin daban ne, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, sai dai ɗaurin canji bai hana gero tsada ba.

Shawarata ita ce mu sauya abin awo. A zauna da wanda ke riƙe da gida, a rubuta bukatar wata da sunan kaya: kwano nawa na shinkafa, nawa na masara, mai, gas ko gawayi, maganin hawan jinin Baba, kuɗin makarantar yara. Duk bayan wata uku a sake tambayar farashinsu. Wannan takarda tana kashe zargi daga ɓangarorin biyu, kuma tana nuna wa mai aikawa iyakar ƙarfinsa, domin mu ma a Ingila mun ga hauhawar kashi 11.1 a Oktoban 2022, kuma haya ba ta raga wa kowa ba.

Mai gini ma haka. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Kuɗin da aka tura aka ajiye a asusu wai sai sun taru, narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana. Ya fi a raba aikin mataki-mataki, kowane mataki a sayi rodi da bulo da kwanon rufi a lokacin da kuɗin suka sauka. Sai dai kada a jibge siminti, domin yana shan danshi, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa.

Sai kuɗin aikawa. Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa Afirka kudu da Sahara ce ta fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a dawo ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Cajin yana ɓuya ne a wuri biyu, ɗaya a fili, ɗaya a cikin canjin. Misali, idan kasuwa tana 1,500 kamfani ya ba ka 1,455 ya ce kyauta ne, ya ci kashi 3. A kan dala 300 duk wata, dala 108 ke nan a shekara. Abin da za a kwatanta kawai shi ne nawa zai sauka a asusun mai karɓa. Mazauna Amurka kuma su lura da dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025, wadda ta ɗora harajin kashi 1 daga ranar 1 ga Janairun 2026 a kan abin da aka aika da tsabar kuɗi, ban da wanda ya fita daga asusun banki.

Inda zumunci ya fi jin jiki shi ne bashi. A ce mutum ya ranta wa ƙaninsa naira miliyan ɗaya a 2022 don ya ja jari, kuma fam ya canzar ya tura. Yau miliyan ɗin bai kai rabin fam ɗin da ya fitar ba. Me ƙanin zai biya? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsayar da cewa bashi ana biyansa ne da irin kuɗin da aka karɓa da adadinsu, ba a ɗaura shi da hawan farashi. Idan naira aka ranta, naira za a mayar. Idan fam aka ranta, fam ne a wuyansa, kuma ya halatta su daidaita ranar biya a kan naira bisa canjin wannan rana. Saboda haka kalma ɗaya da ba a furta ba a farko tana iya raba 'yan ɗaki ɗaya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a zamaninmu rubutun bai cika ba sai an ambaci nau'in kuɗin.

Haka ma canjin da muke yi tsakaninmu, wani ya ba da fam a Manchester a saka masa naira a Kano. Sharaɗin canjin kuɗi shi ne hannu da hannu, kuma malaman zamani da yawa sun ɗauki shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. To a tsayar da farashi, kowa ya tura nasa a zama ɗaya. Wanda ya ce ba ni fam yau, naira sai Juma'a, ya fita daga sharaɗin, kuma idan canji ya motsa kafin Juma'ar, dole ɗayansu ya ji an cuce shi.