Sayen Babban Tankin Kifi: Yi da Bari ga Mutanen Jega, Aliero da Maiyama

Mutumin Kabi ba baƙon kifi ba ne. Gulbin Zamfara ta gindin Jega yake wucewa, Argungu tana bikin kamun kifi tun 1934, Yawuri kuwa a bakin Kwara take. Sai dai sanin kifin gulbi dabam, sanin kifin da aka tsare dabam. A gulbi ruwa ke sabunta kansa, a tanki kuwa nauyin yana wuyanka.

Yau wani yana son tankin gilashi na ado a falo ko otal, wani yana son na roba ko na tamfol don kiwon tarwaɗa a bayan gida. Yawancinsu a wuri ɗaya suke yin tuntuɓe, wato wurin saye. Dokar guda ce: ciniki bai faɗa ba sai tanki ya tsaya a gidanka cike da ruwa bai yi yoyo ba. Duk mai hajar da ya ƙi wannan sharaɗi, yi masa sallama ka wuce.

ABIN DA ZA KA YI

1. Yi lissafin nauyi kafin ka taka kasuwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 tan ɗaya ne cif, daidai da buhun siminti 20 a jibge wuri guda. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, ka samu yawan lita. Tankin falo mai 150 da 60 da 60 yana cin lita 540, ban da nauyin gilashi da tsakuwa. Na tamfol mai da'ira lissafinsa dabam ne: mai faɗin mita 3 da zurfin mita 1 ya haura lita 7,000. Da wannan lissafi za ka san ko daɓenka zai ɗauka, ko rijiyarka za ta cika shi, kuma ba mai yi maka ƙarin gishiri a kan girmansa.

2. Fara da na kusa. Jega mahaɗar hanyoyi ce: ga ta Sakkwato, ga ta Birnin Kabi, ga ta Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Bincika gida tukuna, sannan Birnin Kabi da Sakkwato. In babu, ka nufi Kano da ƙafarka. Legas da Ibadan su zama na ƙarshe. Mai shagon da za ka iya isa wurinsa ka dawo a wuni ɗaya yana tsoron fuskarka, wanda ke bayan Kwara kuwa lambarka kawai zai toshe. Ko na kusa ya ɗara tsada, haɗa kuɗin mota da na lodi da na 'yan dako da haɗarin fashewa a hanya, ka sake kwatantawa.

3. Nemi ganin aikin mai sayarwa na bara. Sabon tanki kowa na iya goge shi ya yi ƙyalli. Ka ce ya kai ka gidan mutum biyu ko uku da suka saya a hannunsa, waɗanda tankinsu ya sha bazara ya sha hunturu. Tambayi mai gidan a bayan idon mai sayarwa: ya taɓa yoyo? Da ka kira shi, ya zo? Amsar tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi.

4. A cika tankin da ruwa a gabanka. A girka shi kan daɓe miƙaƙƙe, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi, a cika shi har baki, a bar shi kwana biyu. Raguwar ruwa kaɗai ba hujja ba ce, domin iskar hunturu tana shan ruwa. Kwalin ne shaida, in ya jiƙe, magana ta ƙare. Tsaya ta gefe ka dubi dogon bangon: in ya yi ciki ya turo waje, ba zai yi tsawon rai ba.

5. Auna kaurin gilashi da kanka. Matsin ruwa da zurfi yake ƙaruwa, don haka tanki mai zurfi ya fi mai faɗi bukatar kauri. Gilashin taga mai milimita 4 ko 5 ba na wannan aiki ba ne. Mai tsawon santimita 150 da zurfin 60 yana bukatar milimita 10 zuwa 12, da makari a sama mai riƙe bangayen. Bi haɗin kusurwa da ido da yatsa, kada ka ga kumfar iska ko giɓi a cikin gam. In gilashin gasasshe ne, a huda duk ramin da ake bukata tun kafin gashi, domin bayan nan ko an taɓa shi da abin huji wargajewa zai yi.

6. Duba mafitar ruwa kafin ka duba launi. Tankin kiwo da ba shi da bututun fitarwa a ƙasa wahala ka saya. Kashin kifi da ragowar abinci a gindi suke taruwa, daga nan gubar da ke kashe kifi take tashi. Bututun ya zama mai faɗi, kamar inci 2, kuma irin wanda fulamban unguwa zai samu kayan gyaransa a Jega. Tun kafin tanki ya iso ka san inda ruwan zai tafi. Lambu yana maraba da shi, ƙofar gidan maƙwabci kuwa ƙara ce gaban mai unguwa.

7. Yi wa mai sayarwa jarrabawa. Tambaye shi bambancin tarwaɗa da karfasa a tanki. Wanda ya san aiki zai gaya maka tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, karfasa da mafi yawan kifin ado kuwa da iskar cikin ruwa suka dogara, in injin iska ya daɗe a tsaye sai gawa. In ya kasa amsawa, roba kawai yake sayarwa, kada ka ɗauki shawararsa. Shawarar ƙwararru tana sashen kula da kifi na jiha a Birnin Kabi, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa kusa da tafkin Kainji.

8. A rubuta. Rasit mai sunan shago, da girman tanki, da kaurinsa, da wanda asara ke kansa in ya fashe a hanya, da kwanakin da kake da damar mayarwa. Malaman fiƙihu sun ba mai saye ikon mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, amma a gaban alƙali sai da hujja. Riƙe wani kaso na kuɗin sai an girka an gwada.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka tura kuɗi saboda hoto. Hoton Facebook da WhatsApp ba shi da kauri, ba ya yoyo, wani lokaci ma ba na mai tallan ba ne. In nisa ya zama dole, tura ɗan'uwa ya je shagon, ya auna, ya tsaya a yi lodi a gabansa. Da ka ji “Alhaji, yi sauri, guda ɗaya ya rage,” rufe waya.

2. Kada ka sayi na hannu alhali ba ka san abin da ya taɓa ɗauka ba. Farin tankin nan mai kejin ƙarfe, mai lita 1,000, da jarkoki da gangunan roba da ake sayarwa da araha, da yawansu sinadaran masana'anta aka shigo da su a ciki. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi duka. A yankin da kowane manomin albasa da shinkafa ke ajiye maganin feshi, wannan ba abin wasa ba ne. In ba a nuna maka shaidar kayan abinci ya ɗauka ba, bar shi. Kifin da za ka sa a ciki mutane ne za su ci.

3. Kada ka ba mai haɗa taga aikin tanki don kawai yana yanka gilashi. Gam ɗin silikon da ake sa wa banɗaki da wurin wanke-wanke sau da yawa akwai maganin hana fumfuna a ciki, shi kuwa guba ne ga kifi. Sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tankin kifi ne. A nuna maka kwalbar, kuma a bar haɗin ya bushe kamar mako guda kafin ruwa ya taɓa shi.

4. Kada ka karɓi tankin kwano ko bututun jan ƙarfe. Sinadarin da ake shafa wa kwano don hana tsatsa yana narkewa a ruwa ya cutar da kifi, haka ma jan ƙarfe. Ƙarfe aikinsa riƙe tamfol daga waje, in ya yi kaifi a wurin walda a goge shi, in ba haka ba shi zai fara huda maka.

5. Kada ka yarda da “wanga yana ɗaukar kifi dubu.” Kifi 1,000 masu kilo ɗaya-ɗaya tan guda ne, ina za su zauna a lita 1,000? 'Ya'yan kifi yake ƙirga maka, kai kuwa manya za ka sayar. Sabon shiga ya tsaya ƙasa da tarwaɗa 100 a kowace lita 1,000, yana canza ruwa a kai a kai.

6. Kada ka sayi tanki da tunanin sanyin Disamba. A Afrilu zafin nan yana haura digiri 40, tarwaɗa kuwa ta fi walwala a ruwa mai digiri 26 zuwa 30, kuma ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi. Baƙar roba a tsakar rana dafa kifi take. Siririn tamfol kuma rana tana gasa shi ya tsage. Sa kuɗin rumfa cikin kuɗin tanki, tare da raga a sama: tana hana tarwaɗa tsallakewa da damina, tana kuma tare ƙananan yara, domin tanki mai zurfin mita ɗaya ya isa ya halaka yaro.

7. Kada ka sayi kayan da ba sa rayuwa sai da wuta, alhali ka san halin wutarmu. In mai shago ya haɗa maka matatar ruwa da injin iska da fitila, tambaye shi awa nawa kifin zai jure in an ɗauke. Ba sola, ba batir, ba janareta? To, ka rage buri.

8. Kada a ɗora tankin gilashi a mota ɗaya da buhuna, kuma kada a ɗaga shi da ko ɗigon ruwa a ciki. Soso a ƙasa, soso a kusurwa, igiya ta riƙe, direba ya san abin da ya ɗauko. A gida ma a shimfiɗa soso tsakaninsa da teburinsa, teburin kuma kada ya karkata ko kaɗan.

9. Kada ka sayi tanki da kifi rana ɗaya. Mai sayarwar da ke matsa maka ka haɗa duka, cinikinsa yake duba. Ruwan famfo mai maganin kulorin sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe. Na burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska. Sabon tankin siminti kuwa yana sakin ƙarfinsa a ruwa, sai an jiƙa shi ana zubarwa mako biyu zuwa uku.

10. Kada ka saya don kunya. Ko ƙanen matarka ne dillalin, sai an auna, sai an cika, sai an rubuta. Gara ya ji haushi yau da ku daina gaisawa baɗi.

In kuɗinka bai kai na ƙwarai babba ba, sayi na ƙwarai ƙarami, ka koyi aikin a kansa zagaye ɗaya. Ribar kifin farko ita za ta sayo na biyu, kuma a lokacin ka riga ka san shagon da za ka koma.