Zane Ɗaya Kowace Rana: Amsa Ga Mai Lalle Daga Fammar

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce, kuma ina yi wa mata zanen lalle a nan Fammar, ƙaramar hukumar Kibiya. Bara na ga mutane a Instagram suna wani abu wai shi Inktober, kullum a ba su kalma ɗaya su yi zane a kanta. Na shiga da wayata, amma a rana ta tara na tsaya. Wayar ta kwana biyu ba caji, wasu kalmomin kuma na rasa me zan zana a kansu. Wata ma ta rubuto min cewa zanen waya ba ya cikin lissafi, sai na tawada da takarda. Yaya, da gaske ne? Kuma yaya zan yi in kai ƙarshe bana? Sannan Ummata ba ta son in riƙa zana mutane.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Kwana tara a jere ba ƙaramin abu ba ne, kada ki raina su. Bari in fara da maganar wadda ta ce ba kya cikin lissafi, don na ga ita ta fi tsaya miki a rai.

Wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, shi ya fara wannan abu a 2009. Ya ga hannunsa bai faɗa ba a zanen tawada, sai ya ɗora wa kansa zane 31 cikin kwana 31 na watan Oktoba. Sunan ma haɗi ne na kalmar tawada a Turanci da sunan watan. Jerin kalmomin da kika gani bai zo ba sai a 2016. Kafin nan kowa abin da ya ga dama yake zanawa. Kuma ba gasa ba ce. Babu alƙali, babu kyauta, babu rajista. Masu kula da shirin da kansu sun bayyana cewa mai zane da na'ura shi ma ya shigo, kuma wanda kullum ta yi masa yawa ya riƙa tsallake rana ɗaya, ko ya yi sau ɗaya a mako. A 2020 ma sun buɗe Inktober52, kalma ɗaya kowane mako har shekara ta zagayo. To kin ga babu mai hurumin korar ki.

Sai dai maganar tata ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, kuma ke kin fi ni sanin wannan gaskiyar. Ki tuna lokacin da amarya ta miƙo miki hannu, kin naɗe ledarki kin huda bakinta, ƙawaye sun kewaye ku suna hayaniya. Kina ɗora bakin ledar a bayan hannun nan, kin san in kika bari layi ya karkace har lalle ya kama, shi ke nan, da shi za ta shiga ɗaki. Shi ya sa kike ɗauke numfashi kafin ki ja, idonki ya riga hannunki isa inda layin zai tsaya. In kuwa ɗigo ya faɗo inda ba ki nufa ba, ba kya tsayawa jimami, nan take za ki mayar da shi ɗan ganye ko fure. Wannan shi ne darasin da Parker ya je nema wurin tawada. Waya kuwa tana iya ƙwace miki shi. A manhaja irin ibisPaint, da kin taɓa gilashi da yatsu biyu layin ya ɓace, sai ki tarar kin ja layi ɗaya sau ashirin, rabin awa ta wuce, hannunki bai ƙaru da komai ba. Ni dokar da na kafa wa kaina ita ce, in na gama ɗan zanen share fage na fara jan layin gaske, ba na gogewa fiye da sau uku. Ki gwada. Ki ɗauki gilashin wayar tamkar hannun amarya.

Yanzu ga maganar kalmomi, wadda a wurina ita ce zuciyar tambayarki. A Amurka ake tsara jerin, da Turanci, kuma Oktobarsu lokacin shigowar sanyi ne da zubar ganye. Namu Oktoban kuwa ɗaukewar damina ce da shigowar kaka. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu rubuta kalmar a Google, mu ga hotunan da suka fito, mu kwaikwaya. Ta haka yarinya a Kibiya za ta kwana tana fama da zanen gidan katako da hayaƙi yana fita ta rufinsa, abin da ba ta taɓa gani ba, kuma mutum dubu sun riga ta zana shi.

Ki ɗauki jerin 2019 misali. Kalmar rana ta 11 dusar ƙanƙara ce. Ba a yin ta a ƙasar Kano. Amma kafin ki ce ba ki da abin zanawa, ki tambayi kanki: mene ne fari, mara nauyi, da ke zubowa a hankali ya lulluɓe abin da ke ƙasa? Ki leƙa tsakar gida lokacin da ake tankaɗe. Rariya tana kaɗawa, gari yana sauka a faifai, tsakiya ta yi tudu, gefe ya yi ɓarɓashi, ɗan haske ya ratso ta ƙofar zaure ya kama ƙurar da ta tashi. Ga zanenki nan. Duk wanda ya gani a Brazil ko Japan zai gane abin da kika yi da kalmar, kuma bai taɓa ganin irinsa ba. A jerin nan dai, rana ta 5 gini ce: ga rumbu da jinkarsa. Ta 13 toka: ga murhu bayan an sauke tukunya. Ta 19 majajjawa, abin da yaran da ke tsaron gona suka fi kowa sani. Ta 31 nunanne: zangarniyar dawa ta yi nauyi ta sunkuya. A 2018 an ba da gasasshe a rana ta 3. Wa zai rasa masara a kan gawayi?

Ana fitar da jerin tun a watan Satumba. Ki samu littafin rubutu, ki fassara kalmomin 31 zuwa Hausa, in wata ta gagara ki tambayi malamin Turancinku. Gaban kowace ki rubuta abu biyu ko uku da idonki ya taɓa gani. Wannan zama na yini ɗaya shi zai cece ki a tsakiyar wata, domin abin da ke kayar da mutane ba gajiyar hannu ba ce, zama ne gaban farin shafi da dare ba tare da an san inda za a dosa ba.

Ba ke kika fara tsayawa a wannan mararraba ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu galibi Turawa ne, ana koya musu zane irin na Ingila. Suka ce za su karɓi dabarar, amma idon da za su duba da shi na gida ne. Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya ɗauko salon layinsa daga can, kuma da shi duniya ta san shi. Abin da ya je ya nemo, ke yana hannunki tun kina ƙarama. Ina roƙonki, kada ki ajiye hannun lalle a gefe in kin ɗauki waya. Ki cika inuwar rumbu da ƙananan ɗige-ɗigen da kike yi a yatsu. Ki bar reshen bishiya ya lanƙwasa yadda kike lanƙwasa layi a ƙafar amarya.

Maganar Umma kuwa, ki bi ta. Hukuncin zanen mai rai fage ne na malamai, sun yi bayani mai yawa a kai kuma akwai saɓani a rassansa. Ki kai wa malamin da gidanku ya yarda da shi. Abin da mafi yawan malamai suka halatta shi ne zanen bishiyoyi da gine-gine da duk abin da ba shi da rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya nusar da wani mai sana'ar hotuna zuwa ga irin wannan. Ki sake duba misalan da na kawo miki a sama, babu fuska ko ɗaya a ciki. Kakanninmu ma a wannan fili suka yi gwanintarsu: aska takwas a ƙirjin babbar riga, dagi a fuskar soro, zayyana a allon mai sauka, zanen ƙwarya, zanen hula. Har mutum kina iya nuna shi ba tare da kin zana shi ba. Takalma bakwai a ƙofar ɗaki sun isa su gaya wa mai kallo cewa an yi baƙi.

Sai kayan aiki. Ba kya buƙatar iPad ko Procreate da kike gani a hannun 'yan waje. ibisPaint X da Sketchbook duk kyauta ake sauke su a Android, kuma zanen kansa ba ya neman data, sai lokacin ɗorawa. Ki buɗe shafi mai faɗin 1080 da tsawon 1350. Ya dace da Instagram kuma ba zai nauyaya wa ƙaramar waya ba. Leya uku sun ishe ki. Ki ɗauke su kamar ledoji uku masu garai-garai da aka jera ɗaya bisa ɗaya: ta ƙasa launi, ta tsakiya share fage, ta sama layin gaske. In yatsa yana rufe miki gani, akwai alƙalamin waya mai bakin roba a shagunan kayan waya. Kara ko tsinke ba za su yi ba, saboda gilashin ɗan lantarkin jikin mutum yake ji, ba dannawa ba.

Launi kuwa, ki taƙaita. Ƙasarku ta baba ce. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba. Da ni ne ke, zan ɗauki baƙi, da shuɗin marina, da jan lalle, in riƙe su har ƙarshen wata. Hakan zai rage miki dogon tunani kowace rana, kuma ranar da kika jera zanen 31 za su yi kama da 'ya'yan ɗaki ɗaya.

Rashin wuta ba zai gyaru kafin Oktoba ba, don haka ki shirya masa tun yanzu. In za ki zana, ki kashe data, ki rage hasken gilashi, ki sa wa kanki minti 30 kada ki wuce. Ranar da wayar take shagon caji, ki ɗauki biro da takarda ki yi zanen ranar. In waya ta dawo, ki ɗauki hotonsa a inuwa da rana, daga sama daidai, ki shigar da shi ibisPaint. Manhajar za ta tambaye ki ko ta tsamo layin daga takardar, sai ki zuba launi a ƙarƙashinsa. Wasu daga cikin zanukan da na fi so a nawa ta haka suka samu, domin biro yana da wata 'yar rawa da gilashi ba ya bayarwa. Kuma ki riƙa adana kowane zane a wuri na biyu. Na taɓa rasa aikin kwana 20 a dare ɗaya da wayata ta mutu, har yau ina jin zafin abin. In ta WhatsApp za ki tura wa kanki ko wata 'yar'uwa, ki tura shi a matsayin fayil, don in kika tura shi a hoto za a matse shi ya dusashe.

In rana ta kuɓuce miki, kada ki ce sai kin rama. Nan ne kika faɗi bara, ina zato: kwana biyu suka zama bashin zane uku, bashin ya yi nauyi, kika haƙura gaba ɗaya. Ki tsallake kawai, ki kama kalmar ranar da kike ciki. Ɗalibin da ya yi fashin makarantar allo ba allo uku yake rubutawa ba in ya dawo. Wankewa yake ya ɗora daga inda ya tsaya. Wanda ya yi zane 22 a wata ya yi nisa ƙwarai a kan wanda ya tsaya a na tara.

Za ki ji labarin Mike Winkelmann, wanda ake kira Beeple. Ya fara zane ɗaya kullum ranar 1 ga Mayu 2007, kuma a Maris 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da tarin zanensa 5,000 a kan dala miliyan 69. Mutane kuɗin suke riƙewa. Ni abin da nake so ki riƙe shi ne shekara 13 da 'yan watanni da ya yi yana zama kullum, kuma zanukansa na farko ba su fi na kowane mai koyo ba. Haka nan za a samu mai ce miki ki rubuta kalmar a manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar miki da hoto cikin daƙiƙa goma. Za ta fitar, amma ba ta taɓa zama a tsakar gidanku ba, kuma hannunki ne muke so ya faɗa.

Kada ki jira ɗaya ga Oktoba. Yau bayan la'asar, ki kawo kujera 'yar tsuguno ki zauna gaban randar Umma. Ki dube ta minti biyar kafin ki taɓa waya: inda ƙasa ta jiƙe a gindinta, yadda moɗa ta kife a kan faifan da aka rufe ta da shi, gefen da ya ɓantare a baki. Sannan ki ja layin farko. In kin gama ki rubuta kwanan wata a ƙasa, ki nuna wa Umma, ki turo min in gani.